Waiwaye: Ta Wace Ƙofa Bishara Ta Shigo Sakkwato?

Wanda ya ratsa wasu unguwannin Sakkwato da safiyar Lahadi zai ji ganga da waƙoƙin Zumuntar Mata suna tashi daga majami'u da Hausa tsantsa. Amma tambayi mutumin gari su wa ke ciki, sai ya ce maka baƙi ne. Wani baƙon kuwa a Sakkwato aka binne cibiyarsa, shi da ubansa. Wannan baƙunci da ya ƙi ƙarewa yana da tushe, kuma tushen ya haura shekara ɗari.

A watan Maris na 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas, ya rasu a yaƙin Burmi a watan Yuli. Da Gwamna Lugga ya tara manyan gari wajen naɗa Attahiru na biyu, sai ya yi musu alkawarin gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulunci ba. Razdan-razdan da suka biyo baya suka riƙe alkawarin a kan cewa 'yan mishan ba za su kafa komai a ƙasar sarki ba sai da yardar sarki da tasu. A ganina ba son addini ya sa Bature haka ba, tsoron tarzoma ne, balle bayan tawayen da aka yi wa Turawa a ƙauyen Satiru a 1906, nan kusa da birni.

Da ƙofa ta rufe, 'yan mishan suka karkata zuwa Filato, kudancin Zariya da ƙasar Zuru, suka tafi da Hausa a bakinsu. Tun ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Schön, ma'aikacin CMS (ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan), ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da taimakon Dorugu, yaron da ya bi Bajamushe matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai. Likita Walter Miller, wanda ya zauna Zariya daga 1905, ya ɗora a kai, har cikakken littafin ya fito a 1932. Sai ga abin mamaki: littafi da harshen Hausawa, amma mafi yawan masu karanta shi ba Hausa suka sha a nono ba. Jikokinsu ne da yawa daga cikin masu cika majami'un Hausa na Sakkwato a yau, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, sojoji da 'yan sanda. Hausar littafin ma ba Sakkwatanci ba ce, Basakkwace na jin ta ya san daga gabas ta zo.

Ƙofa ɗaya da ta buɗe, kuturta ce ta buɗe ta. A shekarun 1930 hukumomin En'e suka rasa yadda za su yi da yawan kutare, sai aka yarda mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya riƙe matsugunan jinya: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Duba inda aka ajiye su, duk bayan gari. Ana ba da magani, ana koya wa yara karatu, ana addu'a da safe. Waɗanda suka karɓi bishara a can galibi mutane ne da dangi suka riga suka guje musu, don haka labarin bai cika shiga zauren manya ba. Ikilisiyoyin da SIM ta haifa su ne suka zama ECWA a 1954. Asibitin Amanawa na nan har gobe, a hannun gwamnati.

Ƙofa ta biyu jirgin ƙasa ne. Dogo ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, bai taɓa isa Sakkwato ba. Shi ya kwaso akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, suka zo da addininsu. Shi ya sa da Roma ta ware yankin Sakkwato a 1953 ta danƙa wa limaman Dominikan daga Amurka, Gusau ce ta zama cibiyar aikinsu. Yankin ya zama cikakkiyar dayosis a 1964, Edward Lawton ne bishop na farko, sai Michael Dempsey, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah daga 2011. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun kwashe masu ibada da yawa zuwa gabas, wasu suka dawo bayan 1970. Angilikan ba su sami dayosis tasu a Sakkwato ba sai 1990, Josiah Idowu-Fearon ya fara riƙe ta.

To, umarnin nan na ƙarshen Bisharar Matiyu, na kai labari ga dukan al'ummai, ta yaya ake cika shi a birnin Shehu? Ba da lasifika a bakin kasuwa ba. A da rediyo ya ɗauki nauyin, tashar ELWA ta Laberiya da aka buɗe a 1954 tana watso shirye-shirye da Hausa. Yanzu koyarwar ta koma makarantar Lahadi, nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, makarantun mishan, da wayar hannu. Shugabannin coci sun daɗe suna kukan wahalar samun takardar fili da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, kukan ya ƙaru bayan jihar ta ƙaddamar da shari'a a 2000.

Sai 12 ga Mayu, 2022, ranar da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci. Fadar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi Allah wadai, zanga-zanga ta taɓa wasu majami'u da shaguna, Gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita. Shi dai Sarkin Musulmi yana zama teburi ɗaya da shugaban CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, a majalisar addinai ta ƙasa, shi da Bishop Kukah kuma suna cikin kwamitin zaman lafiya na ƙasa. Zumuncin manya gaskiya ne, sai dai bai kai ɗakin kwanan ɗalibai ba.

A 2023 Roma ta yanke Katsina daga dayosis ɗin Sakkwato. Wanda aka naɗa bishop ɗin sabuwar dayosis, Gerald Mamman Musa, limamin Sakkwato ne, kuma Bahaushe ɗan yankin Malumfashi.