Auna Salon Ciyar da Ƙananan Yara

Auna salon ciyarwa wani reshe ne na binciken lafiyar yara da ke bin diddigin abin da uwa, uba ko mai reno ke yi lokacin ba yaro abinci, da yadda hakan ke shafar nauyinsa. Abu biyu ake dubawa: abin da yaron ya ci, da yadda aka ba shi, ko da lallashi, ko da tilas, ko kuwa an bar shi ya ci da kansa har ya ƙoshi.

Hanyoyin awo

Takardar tambayoyi ce aka fi amfani da ita. Wadda ta fi suna ita ce CFQ (Child Feeding Questionnaire, wato takardar tambayoyi kan ciyar da yaro), da Leann Birch da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2001, mai tambayoyi 31 domin iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 11. Tana auna ɗabi'u uku: hana yaro wani abinci, matsa masa ya ci, da sa ido a kan abin da yake ci. A 2007 aka fitar da wata takardar mai suna CFPQ, mai tambayoyi 49, wadda ta ƙara da irin su ba yaro alawa don ya yi shiru ko a matsayin tukuici.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF kuwa abincin kansa suke ƙirgawa. A ma'aunansu da aka sabunta a 2021, ana tambayar uwa duk abin da ɗanta mai wata 6 zuwa 23 ya ci jiya, dare da rana. Sai ya ci daga rukuni 5 cikin 8 kafin a ce abincinsa ya gauraya yadda ya kamata. Rukunonin su ne nonon uwa, hatsi da doya da dangoginsu, wake da gyaɗa, madara, nama da kifi, ƙwai, kayan lambu da 'ya'yan itace masu bitamin A, sai sauran ganyaye da 'ya'yan itace. Yaron da ya sha kunun gero da safe, ya ci tuwon dawa da dare, rukuni ɗaya kawai ya taɓa, komai cikar cikinsa.

Shi kuma nauyi ana gwada shi da ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, wanda aka gina da yaran Gana, Indiya, Oman, Norwe, Birazil da Amurka. A asibitocin karkara an fi dogara da tef ɗin awon dantse ga yara 'yan wata 6 zuwa 59: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani.

Alaƙa da nauyi

A ƙasashen Turawa an sha ganin cewa iyayen da ke yawan hana yaro kayan zaƙi sun fi samun 'ya'ya masu ƙiba, masu matsa wa yaro ya ci kuma 'ya'yansu sun fi rama. Fisher da Birch sun nuna a 1999 cewa ajiye abin kwaɗayi inda yaro ke gani amma ba ya iya ɗauka yana ƙara masa son abin. Sai dai ganin abu biyu tare bai nuna wanne ya haifi wanne ba. Sau da yawa ramar yaron ce ke sa uwa ta matsa, shi ya sa binciken da ya bi yara tsawon shekaru ya fi wanda aka yi a zama ɗaya inganci.

A Sakkwato

Tsoron ƙiba ne ya haifi takardu irin su CFQ da CFPQ, damuwar Sakkwato kuwa akasin haka ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kashi 2 ne kacal ke da ƙiba, kuma a Arewa maso Yamma tsumburewar ta wuce rabi. Tambayar ko ana ɓoye wa yaro cakulan ba ta da wani amfani a gidan da gero ke ƙarewa kafin kaka.

Akwai kuma tsarin gida. Takardar tana ɗauka yaro na da kwanonsa, kuma mutum ɗaya ke ciyar da shi. A gidajen Sakkwato, Wurno ko Gwadabawa yara kan haɗu a kwano ɗaya, mai saurin hannu ya fi samu, kaka ta ba shi fura, yayarsa ta gutsura masa ƙuli-ƙuli. Uwar da aka tambaya ba ta ga rabin abin da ya ci ba. Ɗura ma, wato a kwantar da jariri a cinya a zuba masa kunu da tafin hannu, ba ta cikin tambayoyin da aka tsara a Amurka, alhali matsawa ce da ma'aikatan lafiya ke gargaɗi a kanta saboda haɗarin shaƙewa. Don haka mai bincike na ƙwarai kan haɗa tambaya da zama a tsakar gida ya ga cin abincin da idonsa.

Lokacin awo ma yana canza sakamako. A tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun yi yawa, yara kan zube ko da uwa ba ta sauya komai a ciyarwarta ba. Awon watan Agusta ba a kwatanta shi kai tsaye da na Disamba.