Dokar tace man gas: me ta jawo wa tsohuwar roka, me ta jawo wa sabuwar tirela?

A garejojin manyan motoci, daga Wudil zuwa Haɗeja, ana yawan cewa gas ɗin yanzu ba shi da jiki, ya yi ruwa-ruwa, shi ke kashe famfon da ke tura mai cikin inji. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

Abin da doka ta taɓa shi ne farar wuta da ke cikin man. Shekara da shekaru ma'aunin Najeriya ya yarda gas ya ɗauki kashi 3,000 cikin miliyan. A tankar mai lita 33,000, wannan ya kai kilo 80 da ɗoriya na farar wuta, kuma duk sai ta ƙone ta fita ta salansa ko ta sauka cikin baƙin mai. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Wagadugu suka tsayar da 50 cikin miliyan, wato ƙasa da kilo ɗaya da rabi a wannan tankar. Man da ake shigowa da shi aka ce ya fara bi daga Janairun 2021, matatun gida kuma aka ɗaga musu ƙafa zuwa 2025. Dokar man fetur ta 2021, wadda ta kafa NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan tacewa da rarraba mai, ta rungumi wannan ma'auni, sai dai aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, sai a 2024 aka matsa wa masu shigo da mai, shekarar da matatar Ɗangote ta fara fitar da gas. Turai kuwa tun 2009 suke kan 10.

Dokar ba ta ce a ajiye tsohuwar mota ba, kuma ba ta ɗora wa direba komai ba. Mai shigo da mai, mai tacewa da mai daffo ta kama.

To me ya sa tsofaffin motoci suka fara kuka? Ba farar wutar ce ke ba man santsi ba, kamar yadda wasu ke zato. Sai dai hanyar da matata ke bi ta cire ta, takan tafi da wasu sinadaran da su ne ke sa man sulɓi. Shi ya sa ake zuba maganin santsi a man kafin ya bar matata ko daffo. Idan an zuba, babu matsala. Idan an yi ƙwauro, famfo ne zai biya.

Kuma ba kowane famfo ba. Irin dogon nan mai layi, na tsohuwar Marsandi 911 da ƙawayenta masu ɗauko hatsi zuwa Dawanau, ƙasansa baƙin mai ke shafawa, don haka yana da haƙuri. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne zagayayyen famfo, irin na taraktocin Massey Ferguson da wasu ƙananan motocin ɗaukar kaya, domin shi gas ɗin kansa ne ke shafa duk abin da ke juyawa a cikinsa. Busasshen mai na cinye shi a hankali: mota ta riƙa wuyar tashi idan ta yi zafi, ƙarfi ya ragu a hawa.

Sai yoyo. Tsofaffin robobin famfo sun sha tsohon mai sun kumbura, da wannan kumburin suke riƙe da mai. Sabon gas ba ya kumbura su haka, sai su tsuke. Za ka ga jikin famfon ya jiƙe, ƙurar hanya ta manne masa ta yi baƙi, da safe kuma ka tarar da ɗigo a ƙasa. Wannan ba mutuwar inji ba ce. Bakanike ya canja robobin da sababbi masu kyau, magana ta ƙare. A ganina tsohuwar mota riba ma ta ci, domin farar wuta idan ta ƙone ta haɗu da laima takan zama asid, shi ke cin ringi da silinda yana tsufar da baƙin mai da wuri.

Abin da bai kamata ba shi ne dabarar da wasu yaran mota ke yi ta tsiyaya tsohon baƙin mai a tanki wai don a ba gas jiki. Ƙarfen da ya goge daga inji yana cikin wannan man, nozul kake tura wa. Kananzir kuma ya fi komai muni, don ya fi gas bushewa.

Sababbin tireloli, irin DAF da MAN da Actros na Beljiyam, labarinsu daban ne. Su dokar ta zo ceto. Injinsu na fesa mai da matsin da ya kai 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin matsi na "bar", ta ƙofofin da gashin kai kaɗai za a gwada su da shi, kwamfuta ce kuma ke lissafin kowane feshi. A salansarsu akwai matatar da ke kama baƙin hayaƙi, wasu kuma da ƙaramin tanki mai shuɗin murfi na ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi. Farar wuta dafi ce ga waɗannan kaya: tana toshe matatar, tana kashe abin da ke ƙona dattin. Daga nan sai wuta ta kama a dashbod, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi, direba ya taso daga kasuwar Maigatari da shanu a baya yana ta taka totur mota na jan ciki.

Nan ne fa mai saye zai buɗe ido. Ma'aunin 50 an yi shi ne daidai da injin da Turawa ke kira Yuro 4, wanda shi ne ECOWAS ta sa a matsayin mafi ƙanƙantar sharaɗi ga motocin da za a shigo da su. Tirelar Yuro 6 kuwa, gas mai 10 aka ƙera mata. Za ta yi tafiya da mai 50, amma matatarta za ta riƙa cika da wuri. Wannan ne ya sa da yawa ana isowa da su ake fasa salansa a zubar da matatar, a taɓa kwamfuta. Motar takan saki jiki, gaskiya ne, amma hayaƙin da aka yi dokar dominsa ya koma hancin masu tallan rake da ɗanwake a bakin tasha.

Raunin dokar a ƙauye shi ne ana auna mai a tashar jirgin ruwa da daffo, ba a jarkar ɗan bumburutu ba. Tsakanin daffo da tankinka akwai mai surki da kananzir, akwai gas ɗin da ake dafawa a dazukan Neja Delta wanda babu wanda ya cire masa komai, akwai kuma ruwan da ke taruwa a ƙasan duro. Ido ba ya gane yawan farar wuta, launin mai ba hujja ba ne. Abin da ke hannun mai mota shi ne ya tsaya wa gidan mai guda da ya sani, ya karɓi rasit, ya riƙa zubar da ruwan da ke kwanciya a ƙasan filta, kuma idan motar mai matatar hayaƙi ce, ya tambayi baƙin man da aka yi dominta kafin a juye mata na tsohuwar roka.