A Bar Ciyawa Ta Yi Ƙarfi Kafin A Saki Shanu

A zagayen da muke yi mu malaman gona daga Barikin Ladi zuwa Bokkos da Mangu, kuka ɗaya makiyaya ke kawo mana: filin da a da gamba ke shanye mutum yana tsaye, yau babu komai a cikinsa sai tafasa da ɗunɗu da tsakuwa. Wasu suna ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa, alhali kuwa Jos tana samun kimanin milimita 1,400 na ruwan sama a shekara. 'Yan'uwa, matsalar tana hannunmu.

Da zarar ruwan farko ya sauka a watan Afrilu, ciyawa ta fara toho, sai a kwararo garke a kanta tun ba ta kai tsawon yatsa ba. Mun san shanu sun sha wuyar rani, kuma babu makiyayin da zai ga haƙarƙarin saniyarsa a waje hankalinsa ya kwanta. Amma wannan tohon da abincin da saiwa ta ajiye yake fitowa, kuma idan aka cinye shi, ya sake fitowa aka sake cinyewa, saiwar ce take mutuwa. Tafasa kuwa shanu ba su damu da ita ba, don haka ita ke zuba iri ta gaje wurin. Ɗunɗu ya fi muni, domin dabbobi suna cin 'ya'yansa su baza irin a cikin kashinsu, daga baya ƙayarsa ta hana su shiga wurin gaba ɗaya.

Sau nawa za mu faɗi wannan magana? Kowace shekara a gaban ardo ake cewa an ji, amma da hadari ya haɗu sai a manta.

Manoma ma suna da nasu kason. Ana cinye burtali da gonakin dankalin turawa da masara, ana yin kunya daga saman tudu zuwa ƙasa, ruwa ya bi ta ya kwashe ƙasar sama. Ƙasar da haƙar kuza ta riga ta raunana tun farkon ƙarni na 20 ba ta da wannan juriyar. Hanyar da kofato ya daddaɓe, bana 'yar kwari ce da yaro ke tsallakewa, baɗi kwazazzabo ce. Kuma duk lokacin da wurin kiwo ya ƙuntata, sai shanu su taru a ɗan abin da ya rage, su sake afka wa sabon toho.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. A tanadi harawa da karan dawa da dusa tun da kaka, domin su riƙe dabbobi a makonnin farkon damina. A raba wurin kiwo, wani sashe ya huta har ciyawarsa ta zuba iri. A tone ɗunɗu da saiwarsa tun yana ƙarami, domin sara kawai yana sa ya ƙara tsiro. A yi kunya a gicciye, a dasa gamba a bakin kwazazzabo. Wanda bai tanadi harawa bana ba, ya zo mu zauna tun kafin girbi mu tsara ta baɗi.