Ruwan kurom a jikin firam ɗin tabarau na roba

Ruwan kurom siririn rufi ne mai ƙyalli kamar madubi da ake yi wa firam ɗin tabarau na roba domin ya yi kama da gogaggen ƙarfe. Da yawa daga cikin firam ɗin da ake sayarwa da wannan suna babu kuromiyam, wato ƙarfen da ake kira kurom, a jikinsu ko kaɗan. Alminiyam ne ko azurfa aka shimfiɗa, aka bi da fenti mara launi a kai.

Tarihi

Masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis Nicolas Vauquelin, shi ya gano kuromiyam a 1797, a cikin wani jan dutse da aka haƙo a Siberiya. Sai a shekarun 1920 masana'antu suka iya shafa shi a kan ƙarfe ta hanyar lantarki. Ana danganta wannan nasara ga Colin Fink da Charles Eldridge na Jami'ar Columbia a Amurka, wajen 1924, wasu kuma suna ambaton Erik Liebreich na Jamus.

Roba kuwa lantarki ba ya bi ta cikinta, saboda haka wannan dabara ba ta yi mata aiki ba. Mafita ta fara samuwa ne a 1946, lokacin da masu bincike na Amurka, Abner Brenner da Grace Riddell, suka bayyana yadda nikel zai kwanta a kan abu ta hanyar sinadari kaɗai, ba tare da lantarki ba. Wajen farkon shekarun 1960 aka haɗa wannan da wata roba mai tauri da ake kira ABS. Ana tsoma ta a ruwan asid mai ƙarfi, ya cinye ƙwayoyin butadayin, ɗaya daga cikin sinadaran robar, da ke fatarta, ya bar ƙananan ramuka. Sai a sa mata ƙarfen faladiyam, a kwantar da nikel, sannan a bi da jan ƙarfe, da nikel kuma, kurom ya zo a ƙarshe. Kaurinsa bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Masu ƙera motoci ne suka fi cin moriyar wannan hanya.

Hanya ta biyu ta samo asali daga madubin na'urar hangen taurari. A farkon shekarun 1930 masanin kimiyya John Strong ya riƙa narkar da alminiyam a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, tururin ya kwanta a kan gilashi. Haka ake yi wa firam yau: a fesa masa fentin ƙasa ya yi sumul, a rataye shi a tukunyar yana juyawa, a fito da shi a rufe da fentin kariya.

Ta uku, feshin azurfa, ta fi su tsufa, domin tushenta aikin masanin sinadarai ɗan Jamus, Justus von Liebig, ne na 1835 kan madubi. Azurfa takan yi ɗorawa-ɗorawa a ƙarƙashin fentin sama, shi ya sa ake ɗan rina fentin da shuɗi.

Matsalar firam

Firam yana lanƙwasa kullum, ana kuma ɗumama shi idan za a daidaita shi da fuska, ga gumi da man shafawa. Ƙarfe da roba ba sa buɗewa daidai a cikin zafi, sai rufin ya tsage, musamman wajen mahaɗar hannu da kan hanci. Asitet da nailan TR-90, nau'o'in robar da aka fi yin firam da su, ba sa karɓar shafen lantarki cikin sauƙi kamar ABS.

Lafiya da doka

Nikel yana sa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Tun 1994 Tarayyar Turai ta iyakance yawan nikel ɗin da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su saki zuwa maikirogiram 0.5 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace murabba'in santimita a mako. Nau'in kuromiyam da aka saba shafe da shi yana jawo ciwon daji ga ma'aikata, kuma daga Satumbar 2017 sai da izini ake amfani da shi a Turai. Akwai saɓani kan ko wanda ya maye gurbinsa ya kai shi ƙyalli.

Fentin gwangwani

Fentin kurom da ake fesawa daga gwangwani yana ba da launin toka mai sheƙi, amma ba ya nuna fuska kamar madubi.