Waiwaye: Jinin Baƙar Fata da Jinkirin 'Yan Sandan Landan

A makonnin farko bayan kashe ɗanta, Doreen Lawrence ta rubuta sunayen samarin da jama'ar unguwa ke ta faɗa mata cewa su ne suka yi kisan, ta miƙa takardar ga wani babban jami'in 'yan sanda. Shekaru bayan haka ta shaida wa kwamitin bincike abin da idonta ya gani: jami'in ya karɓi takardar, ya yi ta ninke ta a hannunsa har ta koma 'yar mitsitsiya, kamar abin da za a wurga kwandon shara. Shi dai ya ce ba da wata manufa ya yi ba. Amma duk wanda ya bi tarihin yadda ake binciken kisan baƙaƙen fata a Birtaniya zai fahimci dalilin da ya sa uwar ta kasa mantawa da wannan ninki.

Ɗan nata, Stephen Lawrence, shekarunsa 18, ɗalibi ne mai burin zama mai zanen gine-gine. Iyayensa daga Jamaika suka zo. A daren 22 ga Afrilu 1993 yana jiran bas da abokinsa Duwayne Brooks a titin Well Hall da ke Eltham, kudu maso gabashin Landan, sai wasu samarin Turawa biyar ko shida suka tsallako titi suna jifansu da zagin da ake yi wa baƙar fata. Brooks ya tsere. Stephen suka rutsa, suka soke shi da wuƙa sau biyu. Ya tashi ya bi abokinsa da gudu, ya yi fiye da mita 100 jini na zuba, sannan ya faɗi a gefen hanya. Bai sake tashi ba.

Maganar ba daga nan ta fara ba. A watan Mayu 1959 an soke wani kafinta ɗan tsibirin Antigua, Kelso Cochrane, a Notting Hill, unguwar da aka yi tarzomar launin fata shekara guda kafin nan. Tun gawa ba ta yi sanyi ba 'yan sanda suka karkata ga cewa fashi ne, ba ƙiyayyar launi ba, kuma har yau babu wanda aka hukunta. Shekara goma bayan haka aka tsamo gawar David Oluwale, ɗan Najeriya daga Legas, a kogin Aire kusa da Leeds. A nasa lamarin ma 'yan sandan ne da kansu suka daɗe suna gallaza masa, kuma a 1971 aka ɗaure biyu daga cikinsu, amma da laifin duka, ba na kisa ba. Sai gobarar New Cross a Janairu 1981, inda matasa baƙaƙen fata 13 suka mutu a wani gida da ake shagalin zagayowar ranar haihuwa. Jama'ar unguwa sun yi zargin wuta aka cinna daga waje, 'yan sanda kuma suka fi mayar da hankali kan su yaran da suka tsira, suna matsa musu da tambayar ko faɗa aka yi a ciki. Dubban mutane suka fito zanga-zanga a watan Maris suna cewa an kashe goma sha uku, ba wanda ya ce uffan. An zauna binciken musabbabin mutuwar sau biyu, a 1981 da 2004, ba a kai ga matsaya ba.

A wannan shekara ta 1981 alƙali Scarman ya rubuta rahoto kan tarzomar da aka yi tsakanin baƙaƙen matasa da 'yan sanda a Brixton, kudancin Landan. Ya yarda akwai 'yan sanda masu nuna wariya, amma ya ƙi amincewa cewa cutar ta shiga jinin hukumar kanta. Ɗaiɗaiku ne ɓata-gari, in ji shi. Da wannan amsa aka rayu shekara goma sha takwas.

Yankin da aka kashe Stephen kuwa ba a rasa alamu ba. An kashe Rolan Adams a Thamesmead a 1991, an kashe Rohit Duggal a Eltham ɗin a 1992, ga kuma shagon littattafan jam'iyyar 'yan wariya ta BNP a Welling, nan kusa. Ruwa ba ya tsami banza. Duk da haka 'yan sandan da suka fara isa wurin ba su yi wa yaron taimakon gaggawa na kirki ba, wasu masu wucewa ne suka durƙusa kusa da shi suna yi masa addu'a. Brooks, wanda shi ne ganau, kuma da kyar ya sha, aka riƙa kallonsa kamar mai laifi. Yana ihu yana nuna hanyar da maharan suka bi, su kuma suna ganin wani baƙin yaro ne mai tada hankali.

A nan ne zuciyar maganar take, a ganina. Mai binciken kisa zai gaya maka kwana biyun farko su ne komai: tufafin da jini ya taɓa ba a wanke ba, wuƙa ba a jefar ba, masu laifi ba su haɗa baki kan labarin da za su bayar ba. A cikin waɗannan kwanaki mutane suka yi ta kiran waya, wasu suka ajiye takardu ba suna, kuma sunayen da ake ambata iri ɗaya ne: 'yan'uwan juna Neil da Jamie Acourt, da David Norris, da Gary Dobson, daga baya aka ƙara Luke Knight. Ba a kama kowa ba. Kwana huɗu bayan kisan, masu sa ido da aka girke kusa da gidan su Acourt suka ga an fito da kaya lulluɓe cikin baƙar ledar shara, an tafi da su. Ba su bi sahu ba. Jami'in da ya jagoranci binciken a lokacin ya amsa daga baya, a gaban kwamiti, cewa bai fahimci doka ta ba shi ikon kama mutum bisa zargi mai tushe ba. Babban jami'i ne mai shekaru a bakin aiki.

Sai da aka yi mako biyu. A ranar 6 ga Mayu Nelson Mandela, wanda ke ziyara a Landan, ya gana da iyayen, hotuna suka fita a jaridu. Washegari aka fara kame. 'Yan sanda sun ce dacewa ce kawai. Ko ma mene ne, bakin alƙalami ya riga ya bushe: zuwa watan Yuli masu gabatar da ƙara na gwamnati suka janye tuhuma, suka ce babu isasshiyar shaida.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi taɓa ni a duk wannan tarihi, wato yadda aka mayar da masu makoki suka zama masu bincike. Doreen da mijinta Neville ba masu kuɗi ba ne, shi aikin filasta da fenti yake yi. Suka nemi taimakon jama'a, lauyoyi suka tsaya musu kyauta, suka shigar da ƙarar kisa da kansu, abin da ba kasafai ake yi ba a Ingila. A ƙarshen 1994 'yan sanda suka ɓoye kyamara a ɗakin Dobson, ta ɗauko samarin suna wasa da wuƙaƙe, suna kwatanta yadda ake sukar mutum, suna faɗin abin da za su yi wa baƙaƙen fata. Wannan bai isa hujjar kisa ba. A Afrilu 1996 shari'ar ta rushe a kotun Old Bailey bayan alƙali ya ƙi karɓar shaidar Brooks ta gane fuska, aka wanke Neil Acourt da Knight da Dobson. A dokar lokacin, wanda kotu ta wanke ba a sake gurfanar da shi kan wannan laifi har abada.

A Fabrairu 1997 aka zauna binciken musabbabin mutuwa. Samarin biyar suka zo, suka yi gum, ko tambaya mai sauƙi suka ƙi amsawa. Masu yanke hukunci suka ce samarin Turawa biyar ne suka kashe shi saboda launinsa, ba tare da ya tsokani kowa ba. Ranar 14 ga watan jaridar Daily Mail ta buga hotunansu a shafin farko, ta kira su masu kisan kai, ta ce in ƙarya ta yi su kai ta kotu. Ba wanda ya kai ta.

Sabuwar gwamnatin Leba ta hau a 1997, ministan cikin gida Jack Straw ya naɗa tsohon alƙali William Macpherson ya binciki yadda aka tafiyar da lamarin. Iyalin ba su so shi ba da farko, suna ganin ba zai fahimce su ba. Rahotonsa na Fabrairu 1999 ya ce abubuwa uku suka lalata binciken: rashin iya aiki, gazawar shugabanni, da wariyar da ta yi kanta a cikin hukumar. Wannan na ukun shi ne sabo. Ma'anarsa ita ce ba sai ɗan sanda ya tsani baƙar fata a ransa ba kafin a zalunci baƙar fata. Ya isa a ce hukuma gaba ɗayanta ta saba da wani irin kallo: in baƙin yaro ya faɗi cikin jini a fara tunanin rikicin 'yan daba ne, in abokinsa ya ɗaga murya a ce mafaɗaci ne, in uwarsa ta yi tambaya a ce ta cika naci, in lauya ya biyo ta a ce siyasa ce. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne da mai yinsa zai iya rantsuwa bai yi da nufi ba. In suka taru sai su zama mako biyu na jinkiri. Wasu daga cikin masu binciken har a gaban kwamitin sun ƙi yarda cewa launin fata ne ya jawo kisan.

Shawarwari 70 ya bayar. An faɗaɗa dokar hana wariya a shekarar 2000 ta hau kan 'yan sanda, an ce duk abin da wanda aka cuta ko wani ya ɗauka na wariya ne, a rubuta shi a haka a bincika. An horar da jami'ai na musamman masu hulɗa da iyalan mamata. Mafi girma, dokar 2003 ta rushe tsohuwar ƙa'idar nan, ta ba da damar sake gurfanar da wanda aka wanke idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta bayyana, ta fara aiki a 2005.

Tsakanin nan aka kashe Damilola Taylor, yaro ɗan shekara 10 da bai daɗe da zuwa daga Legas ba, a Peckham a Nuwamba 2000. Wannan karon 'yan sanda sun fito da ƙarfinsu, ba a yi musu shaidar sakaci irin na da ba, amma ɗakin gwaji ya kasa ganin ɗigon jini a kayan waɗanda ake zargi, sai a 2006 aka samu wasu 'yan'uwa biyu da laifi.

Hujjar da ta kama makasan Stephen ma tana nan tun 1993 a cikin kayan da aka adana. Da aka sake duba su da na'urorin zamani, aka ga wani ɗigon jininsa, wanda ido ba ya iya gani sosai, a wuyan rigar Dobson, da zaruruwan tufafinsa, da gashinsa a wandon da aka ɗauko daga ɗakin Norris. A ranar 3 ga Janairu 2012, shekara kusan 19 bayan kisan, aka samu su biyun da laifi, washegari aka yi musu ɗaurin rai da rai: Dobson ba zai nemi sassauci ba sai ya yi shekara 15 da wata biyu, Norris 14 da wata uku. Auren Doreen da Neville ya riga ya mutu tun 1999, a ƙarƙashin nauyin wannan gwagwarmaya.

Sai kuma wani abin takaici ya fito a 2013. Wani tsohon ɗan sandan ciki, Peter Francis, ya ce an sa shi ya nemo abin da za a ɓata sunan iyalin da shi a lokacin da suke neman hakkin ɗansu. Binciken da lauya Mark Ellison ya gabatar a 2014 ya tabbatar an dasa ɗan leƙen asiri a cikin ƙungiyoyin da ke mara wa iyalin baya. Hukumar da ta rasa kuzarin bin ledar shara ta samu kuzarin sa ido kan masu zaman makoki. Wannan ba ya shiga cikin abin da za a kira kuskure.

Wanda zai ce komai na nan yadda yake bai yi adalci ba. Doreen Lawrence ta zama 'yar majalisar dattawan Birtaniya a 2013, kuma tun 2019 ake tunawa da ɗanta kowace 22 ga Afrilu. Amma a Yuni 2020, da yaya da ƙanwa, Bibaa Henry da Nicole Smallman, suka ɓace bayan shagali a wani lambu a Wembley, dangi sun kira 'yan sanda ba su fito nema ba, saurayin Nicole ne ya gano gawarwakin da kansa. Biyu daga cikin 'yan sandan da aka sa gadin wurin suka ɗauki hotunan gawarwakin suka tura ta WhatsApp, aka ɗaure kowannensu shekara biyu da wata tara. Mahaifiyarsu, Mina Smallman, ta ce da Turawa ne da an fita nemansu tun daren farko. Hukumar da ke sa ido kan 'yan sanda ta ce aikin bai kai yadda ya kamata ba, amma ba ta ga hujjar wariya ba. A Maris 2023 rahoton Louise Casey, wadda aka ɗora wa binciken rundunar 'yan sandan Landan, ya sake cewa wariyar ta yi kanta a rundunar, kalmar da Macpherson ya yi amfani da ita shekara 24 kafin nan. Shugaban rundunar, Mark Rowley, ya karɓi abin da aka gano, ya ƙi karɓar kalmar.

A 2020 rundunar ta sanar da cewa ta jingine binciken kisan Stephen, don duk hanyoyin da za ta bi sun ƙare. A Yuni 2023 BBC ta bayyana sunan mutum na shida da ake zargi, Matthew White. Wani ɗan'uwansa ya nemi yi wa 'yan sanda magana tun bayan kisan, aka shigar da bayanin ba daidai ba, ba a waiwaye shi ba sai bayan shekara ashirin, inda ya ce White ya gaya masa yana wurin a daren. White ya mutu a 2021 ba tare da an taɓa gurfanar da shi ba.