Waiwaye: Yadda Ƙananan 'Yan Kasuwa Suka Yi Shekara Talatin Suna Neman Shafin Farko

Duk mai ƙaramar sana'ar da ya taɓa biyan kuɗi aka buɗe masa shafin intanet ya san abin da ke biyo baya. Shafi ya yi kyau, hotunan kaya sun fito, ga lambar waya ga adireshi, amma mako ya shuɗe, wata ya shuɗe, babu mai leƙowa. Sai wani ya zo ya ce masa ai da sauran aiki: sai an yi wa shafin abin da 'yan harkar ke kira SEO, wato a gyara shi yadda Google zai ɗora shi a saman sakamakon bincike, sannan a riƙa zuba masa rubuce-rubuce a kai a kai. Wannan shawara tana da dogon tarihi, kuma rabinta ma ta girmi intanet da kusan ƙarni guda.

A shekarar 1895 kamfanin John Deere, mai ƙera kayan noma a Amurka, ya fara buga mujalla mai suna The Furrow don koya wa manoma yadda za su ƙara samun amfanin gona. A 1900 kuma André da Édouard Michelin, 'yan'uwa masu kamfanin taya a Faransa, suka raba kwafi kusan 35,000 na wani ɗan littafin jagora kyauta, alhali motocin ƙasar duka ba su kai 3,000 ba. A ciki akwai taswira, wuraren shan mai, masauki, da yadda ake canza taya. Lissafinsu a bayyane yake: wanda ya san inda zai kwana zai yi tafiya, wanda ya yi tafiya tayarsa za ta cinye. Ka ba mutum ilimin da yake buƙata, ranar sayayya zai tuna da kai.

Ɗaya rabin ya zo ne da injinan bincike. Yahoo ya fara a 1994 a matsayin jerin shafuka da mutane ke tsarawa da hannu. AltaVista, wanda ya fito a ƙarshen 1995, da ire-irensa, sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa a kan kansa. Nan da nan masu wayo suka gano lagon. Mai sayar da takalma sai ya rubuta kalmar "takalma" sau ɗari a ƙasan shafinsa da farin rubutu a kan farin bango. Idon mutum ba ya gani, na'ura kuwa tana ƙirgawa. Wasu har sunayen fitattun mawaƙa suke cusawa a shafin da ba ruwansa da waƙa.

Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban jami'ar Stanford da suka kafa Google a 1998, sun zo da wani ma'auni: maimakon a tambayi shafi ko shi wane ne, a duba shafuka nawa ne suka saka mahaɗi, wato rubutun da ake latsawa a tafi wani shafi, zuwa gare shi, kuma su wane ne su. Shedar wasu ta fi yabon kai. Dabarar ta yi aiki har ta binne sauran injinan, amma ta haifar da sabuwar kasuwa, domin da zarar mahaɗi ya zama daraja, sai aka fara saye da sayar da shi. A shekarar 2000 kuma Google ya buɗe AdWords, inda mai kuɗi zai biya a nuna tallarsa kusa da sakamakon. Tun daga ranar, kamfanin da ke yanke hukuncin wa zai fito kyauta shi ne kuma ke sayar da wurin ga wanda bai fito ba. A ganina wannan ne ƙashin bayan duk rigingimun da suka biyo baya.

Ƙananan 'yan kasuwa sun fara ɗanɗana kuɗarsu a watan Nuwamban 2003, lokacin da Google ya sauya lissafinsa, sauyin da aka yi wa laƙabi da Florida. Ana dab da cinikin Kirsimeti, shaguna masu yawa da suka saba zama a shafin farko suka wayi gari ba a ganinsu ko a shafi na goma. Wasunsu sun yi maguɗi, wasu ba su yi komai ba, kuma babu ofishin da za a kai kuka. Manya ma an taɓa su, sai dai ba su daɗe a ƙasa ba. A 2006 an cire shafin BMW na Jamus saboda yaudarar injin bincike, cikin 'yan kwanaki ya dawo. A 2011 jaridar New York Times ta fallasa yadda dubban mahaɗan bogi suka ɗaga kantin J.C. Penney sama a binciken riguna da zannuwan gado, aka hukunta shi na kimanin wata uku. Mai shago ɗaya ba shi da numfashin jure wata uku babu ciniki.

A tsakiyar wannan hayaniya ne aka samu labarin da ya fi kowanne koyarwa. Marcus Sheridan yana cikin masu wani ƙaramin kamfani a jihar Bajiniya, River Pools and Spas, mai girka wa mutane tafkin ninƙaya a gida. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008, masu oda suka fara janyewa, kamfanin ya kusa rufewa. Sheridan ya zaftare kuɗin tallar rediyo da talabijin, ya zauna da dare yana rubuta amsar duk tambayar da kwastoma ya taɓa yi masa. Tambaya ta farko ita ce wadda duk 'yan sana'ar ke gudu: nawa ne kuɗinsa? Bai faɗi farashi ɗaya ba, ya bayyana abin da ke sa kuɗin hawa da abin da ke sa shi sauka, da iyakar da mutum zai sa rai. Ya rubuta matsalolin irin tafkin da shi kansa yake sayarwa. Har jerin gwanayen masu wannan aiki a birnin Richmond ya wallafa, abokan gasarsa ke nan, bai saka sunan kamfaninsa ba. A hirarsa da New York Times a 2013 ya ce rubutun farashin kaɗai ya jawo cinikin da bai gaza dala miliyan 1.7 ba. Babu wata dabara ta kwamfuta a abin da ya yi. Ya san sana'arsa, ya kuma yarda ya faɗi abin da sauran ke ɓoyewa sai kwastoma ya zo ofis.

Amma a daidai lokacin wasu sun ɗauki darasin a baibai. Tunda rubutu ne ke jawo mutane, to a samar da shi buhu-buhu. Kamfani irin Demand Media, mai shafin eHow, yana duba abin da mutane ke nema, ya ba marubuta kimanin dala 15 su cika shafi a kan abin da ba su taɓa yi da hannunsu ba. A Fabrairun 2011 Google ya saki sauyin Panda, wanda ya taɓa kusan kashi 12 cikin ɗari na bincike a Amurka, don danne irin wannan holoƙon rubutu. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya a kan mahaɗan saye. Masu shaguna da dama da suka biya wani "gwani" ya saya musu mahaɗai dubu a farashi mai rahusa sai ga su suna biyan wani gwanin ya warware aikin na farko.

Daga nan wayar hannu ta karɓe fage. A Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya, kuma rajistar kasuwanci a taswirarsa, wadda aka ƙaddamar da sunan Google My Business a 2014, ta zama ta fi shafin kansa amfani ga mai gyaran mota ko mai gidan abinci.

Babin da muke ciki ya fi ɗaci. A Agustan 2022 Google ya sanar da tsarin da ya ce zai fifita rubutu mai amfani, wanda mutum ya yi don mutum. Wata uku bayan haka ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yi wa mutum rubutu, ya fito, rubutun da a dā ake biyan dala 15 ya zama kyauta, cikin daƙiƙa. Da Google ya tsananta tacewa a Satumban 2023 da Maris ɗin 2024, tsintsiyar ta haɗa da masu gaskiya. HouseFresh, ƙaramin shafin da ke sayen na'urorin tace iska da kuɗinsa yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya rasa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu zuwa masa daga Google, yayin da manyan mujallu ke saman jerin. Sai kuma a Mayun 2024 Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako. Ɗauki wayarka ka nemi wani abu na saye: talla ce a sama, sai taƙaitacciyar amsar na'ura, sai taswira, sai ka ja allon da yatsa sau biyu ko uku kafin ka ga shafin wani ɗan kasuwa. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano a 2025 cewa idan wannan amsar ta bayyana, kashi 8 cikin ɗari na ziyara ne kawai ake latsa wani sakamako, idan babu ita kuwa kashi 15. Wato ana karanta ilimin mai sana'a, ana taƙaita shi, ana ba mai tambaya, shi kuwa ko sallama ba a yi masa ba. Wannan abin yana damuna, domin alkawarin da aka yi shekaru ana yi wa irin su Sheridan shi ne ka rubuta gaskiya, za a turo maka mutane.

A nan gida yawancin masu sana'a sun tsallake zangon shafin intanet gaba ɗaya. Mai atamfa da leshi a Kantin Kwari, mai turaren wuta a Maiduguri, mai kilishi a Maraɗi, kasuwarsu tana Instagram da Facebook da TikTok, ciniki kuma a ƙarasa shi a WhatsApp. Matar da ke ɗaukar bidiyo tana nuna yadda ake bambance leshi mai kyau da na jabu, aikin 'yan'uwan Michelin take yi ko ba ta taɓa jin sunansu ba. Sai dai rumfar aro ce, mai kasuwa zai iya ɗage ta ran da ya so. An gani a Janairun 2018 da Facebook ya rage yawan mutanen da ke ganin saƙonnin shafukan kasuwanci idan ba a biya ba. An gani a Yunin 2021 da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter har wata bakwai, da kuma 4 ga Oktoban shekarar, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida. Shi ya sa har yanzu nake ganin amfanin mutum ya mallaki shafi da sunansa, ya kuma adana lambobin kwastomominsa a wurin da ke hannunsa. Akwai ma wata dama da ba a cika kulawa da ita ba: nemi bayanin farashi ko ingancin kaya da Hausa, za ka tarar rubutun bai taka kara ya karya ba, gasar da ta shaƙe masu Turanci ba ta iso nan da ƙarfi ba tukuna.

Ita kuma ƙofar bincike a intanet har yau tana hannun kamfani ɗaya, mai riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken duniya. A ranar 5 ga Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na kotun tarayya a Washington ya yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba, bayan an nuna ya biya sama da dala biliyan 26 a 2021 kaɗai don ya zama injin da waya da manhajar shiga intanet ke buɗewa da shi. A Satumban 2025 alƙalin ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da ke toshe wa wasu hanya, ya umarce shi ya raba wasu bayanai da abokan gasa, amma bai tilasta masa sayar da manhajarsa ta Chrome ba.