Kurma Ma Yana Da Abin Da Ke Cin Ransa

Wata Talata, ranar awon ciki, aka shigo mini da wata matashiya a ƙaramin asibitin da nake aiki a nan ƙasar Jigawa. Kurma ce. Uwar mijinta ce ta rako ta, ita ce kuma mai bayani: ba ci, ba barci, sai kuka, wai iska ce, har an yi ruƙiyya sau biyu. Duk tambayar da na yi, kafin yarinyar ta ɗaga hannu tsohuwa ta amsa. Na ce, "Inna, ɗan ba mu wuri zan auna ta." Na aika aka kira wata mata a garin, ita ma kurma, wadda ta yi makaranta tana iya rubutu. Kafin la'asar na ji zancen. Ɓari ta yi wata huɗu da suka wuce, ba wanda ya zauna ya fahimtar da ita abin da ya faru, ita kuma ta ɗauka tulun ruwan da ta ɗauko daga rijiya ne ya kashe cikin. Wannan magana ba za ta taɓa fita a gaban uwar miji ba.

Zaman shawara, wato ka zauna da mutum ya amayar da abin da ke cikinsa ka taya shi warwarewa, da magana ake yin sa. To kurma yana da maganarsa, a hannu take. Ba jiya aka fara ta ba a ƙasar Hausa. Kano har sarautar sarkin bebaye gare ta. Mai wannan harshe bai ɗauki rashin ji a matsayin ciwon da ya kawo shi wurinka ba. Abin da ya kawo shi irin na kowa ne: rikicin aure, rasuwa, bashi, tsangwama. Ma'aikacin da ya ɓata zaman yana leƙa kunne ya bar jaki yana dukan taiki.

Sai dai a fara gano wace maganar hannu yake yi. Akwai ta gargajiya, wadda kurame ke koya wa juna a kasuwa da majalisa. Akwai ta makaranta, mai tushe daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata, ya shigo da ita Ibadan a 1960. Ita ce 'yan makarantar kurame irin ta Tudun Maliki a Kano suka fi sani. Akwai kuma yaron ƙauye da bai taɓa haɗuwa da wani kurma ba, alamun da yake da su na cikin gidansu ne kawai. Ka kawo wa wannan tafinta ɗan makaranta, sai su yi ta kallon juna.

Kada kuma ka ce ai yana karanta leɓe. Tsaya gaban madubi ka ce bari, ɓari, mari. Leɓe iri ɗaya suke nunawa. Gyaɗa kai ma ba shaida ba ce, sau da yawa kunya ce ko gajiya. Idan ka gama bayani, ka ce ya maimaita maka da hannunsa.

Inda muka fi yin kuskure shi ne wajen fassara abin da muke gani. Kurma yana magana yana zare ido, yana ɗaure fuska, hannu na tafiya da sauri, sai a ce ga zafin zuciyar bebe nan. Alhali fuska cikin harshen take. Da ita ake tambaya, da ita ake nuna girman abu. Wanda aka gani shi kaɗai yana motsa hannu, mai yiwuwa tunani yake yi, kamar yadda kai ma kake gunaguni in kana lissafin kuɗin taki. Ni dai ba na yarda a rubuta wa kurma taɓin hankali sai wanda ya san harshensa ya zauna da shi. Fushin ma in akwai, a duba mafarinsa. Galibin kurame iyayensu masu ji ne, wasu kuma daga baya suka kurmance, bayan ƙyanda ko sanƙarau, kamar na 1996 da ya yi ɓarna a Kano da kewaye. Mutum ya shekara ashirin ana hira a tsakar gida ana dariya, in ya tambaya a ce masa "ba komai", wa zai ƙi jin haushi?

A zaman kansa, ki zauna haske na dukan fuskarki, ki sauke takunkumi ko niƙabi, ki kalli mai matsalar ba tafinta ba. Shi zai zaɓi wanda zai fassara masa, mace kuma a samo mata mace, a kuma ja kunnen tafinta cewa abin da ya gani a ɗakin nan ya ƙare, domin kurame kaɗan ne a gari, duk sun san juna. Nakan zuba ƙwayoyin wake a faranti, kowace ƙwaya mutum ɗaya a gidan, in ce ta matso da waɗanda take jin daɗinsu ta ture waɗanda take tsoro. Zane yana aiki, kwaikwayo ma haka. Zaman yakan ci ninkin lokacin da aka saba, a yi haƙuri da hakan.

Tambayar da ake jin nauyinta ita ma a yi ta kai tsaye: ko ka taɓa tunanin kashe kanka? In ya nuna eh, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin feshi daga gidan, a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko na Kazaure, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, tare da mai fassara masa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin a duba shi kamar kowa.

Matashiyar nan sau biyar muka zauna. Na zana mata mahaifa, na nuna mata cewa ɓarin farkon ciki yakan zo ko mace ba ta ɗauki komai ba. Yanzu duk ranar kasuwa takan je gidan waccan matar, inda mata kurame huɗu ke haɗuwa suna saƙar faifai. Inna ce da kanta ke raka ta, ta zauna a zaure tana jira.